RA'AYI: Wa Ke Duba Ɗakin Magani A Jos?

Ran 20 ga Janairu, 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan wata takardar umurni wadda ta dakatar da taimakon da ƙasarsa ta ke bai wa ƙasashen waje har tsawon kwana 90, wai don a sake duba shi. Bayan kwana huɗu sai aka aika wa ƙungiyoyin da ke aiki da kuɗin cewa su tsai da aiki. A birnin Washington aka yi wannan, amma kaɗawar hanjin ta iso har Jos, domin akwai dubban mutane a Jihar Filato waɗanda ƙwayar maganin da su ke haɗiya kowace rana da kuɗin nan a ke sayo ta.

Dangantakar Jos da wannan taimako ba ta yau ba ce. Tun a shekarar 2000, lokacin da Jami'ar Harvard ta kafa shirin APIN da kuɗin Gidauniyar Gates domin yaƙi da cutar ƙanjamau, Filato tana cikin jihohin farko da aka zaɓa, tare da Ikko da Oyo. Da shirin PEPFAR na Gwamnatin Amurka ya shigo a 2004, sai sashen kula da masu ɗauke da ƙwayar cutar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ya bunƙasa har ya shiga sahun mafi girma a ƙasar nan. Ga kuma asibitocin mishan, irin su Jankwano, da asibitin Faith Alive wanda aka kafa a 1996. Mutane kan zo daga ƙananan hukumomi masu nisa, har ma daga jihohin maƙwabta, wasu don neman ƙwararrun likitoci, wasu kuwa don kada a gan su a layi a garinsu. Abin da Amurka ta kashe a Nijeriya ta wannan shiri ya wuce dala miliyan 6,000.

Gaskiya ne ran 28 ga Janairun nan Sakataren Harkokin Wajen Amurka, Marco Rubio, ya ba da sassauci ga taimakon da ya shafi ceton rai, kuma maganin ƙanjamau ya shiga ciki. Gwamnatin Tarayya ma ba ta naɗe hannu ba. A watan Fabrairu Majalisar Zartarwa ta amince da Naira miliyan 4,800 don sayen ƙunshin magani 150,000, kana Majalisar Tarayya ta ƙara kimanin dala miliyan 200 a kasafin kuɗin lafiya na 2025 domin cike giɓin. Duk da haka, ran 1 ga Yuli aka rufe hukumar USAID baki ɗaya. Ingila ma ta ba da sanarwar rage nata taimakon, haka kuma Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ya rage abin da ya ware wa ƙasashe. A watan Disamba 2025 Nijeriya da Amurka suka ƙulla yarjejeniyar shekara biyar, inda Amurka ta ce za ta ba da kusan dala miliyan 2,100, ita kuma Nijeriya ta yi alkawarin ƙara kusan dala miliyan 3,000 daga aljihunta.

Ko makaho ya shafa ya san inda aka dosa, watau nauyin yana komowa gida sannu a hankali. Babu mai hankalin da zai yi jayayya da wannan, domin zanen aro ba ya rufe katara, kuma abin kunya ne a ce ƙasa mai arzikin mai kamar Nijeriya ta shekara 20 tana jiran wata ƙasa ta saya wa marasa lafiyarta magani. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a yi sauyin, da kuma wanda zai zauna ya sa ido a kai a nan Filato. Ana yanke shawara a Washington, a sa hannu a Abuja, a yi taro a manyan otal, amma wanda ya san ko akwai magani a kan kanta ranar Talata da safe shi ne malamin asibiti da mai karɓar maganin. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, to amma ba kasafai a ke tambayarsa ba.

Wajibi ne jama'a su fahimci abin da ke salwanta idan an rage irin wannan kuɗi, domin yawanci ba ƙwayar maganin ce ke fara ɓacewa ba. Masu ba da taimako su ne kan biya albashin mai shigar da bayanan marasa lafiya a kwamfuta, da mai ba da shawara, da mai bin sawun wanda ya daina zuwa karɓar magani har gidansa, da ɗan babur mai ɗaukar jini daga ƙauye zuwa ɗakin gwaji a birni. Da yawa daga cikin waɗannan ma'aikata ba su cikin jerin ma'aikatan gwamnati, saboda haka ranar da kuɗin ya tsaya babu takardar da za ta nuna an sallami kowa, sai dai kawai a ga kujera babu mutum. Maganin ƙanjamau kuwa ba irin na ciwon kai ba ne da za a sha yau a bari gobe. Wanda ya katse shansa, ƙwayar cutar kan sake yawaita a jininsa, tana kuma iya bijire wa maganin, sai a koma ga wani mai tsada wanda ya fi wuyar samu. Haka abin ya ke ga tarin fuka, wanda a ke shan maganinsa wata shida ba fashi. Mace mai juna biyu da ta rasa maganin wata biyu ko uku tana iya haifar jariri da cutar da a da za a iya kare shi daga gare ta. A ƙananan hukumomi irin su Mangu da Bokkos, inda tashin hankalin 2023 ya raba mutane da gidajensu, mai bin sawun nan da a ke raina aikinsa shi ne kan gano inda mara lafiya ya koma.

Akwai kuma maganar haɗe sassan musamman da sauran asibiti, ta yadda mai karɓar maganin ƙanjamau zai bi layi ɗaya da mai hawan jini da mai ciwon sukari. A takarda shawara ce mai kyau, za ta rage kashe kuɗi, tana kuma iya rage tsangwama. Amma a unguwa kamar Gangare ko Unguwar Rogo ko Tudun Wada, inda kowa ya san kowa, idan mai ba da kati bai iya riƙe sirri ba, sai mutum ya gwammace ya zauna gida. Wannan abu ne da ba za a gano shi daga ofis ba.

Ƙasar nan ta taɓa bin wannan hanya, kuma ya kamata a tuna yadda aka ƙare. A 1986 Gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, Naira ta faɗi, farashin magani ya tashi, har ya zama abin da likita ke iya bai wa talaka shi ne takarda ya tafi kemis. A wannan lokaci ne Ministan Lafiya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya fito da tsarin kiwon lafiya matakin farko, ya fara da ƙananan hukumomi 52, daga baya aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin baki ɗaya. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin asusun magani mai juyawa, watau a sayar da magani da araha a sake sayo wani da kuɗin, jama'ar gari kuma su sa ido ta hanyar kwamiti. Tsarin ba shi da aibu. Abin da ya kashe shi a wurare da yawa shi ne kwamitocin sun zama suna kawai, kuɗin ya daina juyawa, aka yi ta rance a ciki ba a biya, babu kuma wanda aka tuhuma. Asusun PTF ya sake zuba magunguna a zamanin Janar Abacha, da aka rushe asusun bayan 1999 sai kantoci suka sake bushewa.

Ko a kan ƙanjamau ma an gani. A 2002 Gwamnatin Tarayya ta fara nata shirin a manyan asibitoci 25, mara lafiya na biyan Naira 1,000 kowane wata, ba a daɗe ba magani ya yanke na watanni. A 2006 aka mai da shi kyauta. A 2014 kuma, da Amurka ta janye daga biyan kuɗin wasu gwaje-gwajen jini, sai asibitoci suka ɗora wa marasa lafiya kuɗin, wasu marasa ƙarfi suka ja da baya. A duk waɗannan lokuta talaka bai ji labarin sauyin ba sai da ya isa bakin taga.

To, su wa ke da alhakin sa ido a Filato? Da farko akwai Majalisar Dokokin Jiha mai wakilai 24, wadda ke da kwamitin lafiya, kuma tsarin mulki ya ba ta ikon kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani. Ya kamata wannan kwamiti ya kira Kwamishinan Lafiya da shugabannin Hukumar Kiwon Lafiya Matakin Farko da ta yaƙi da ƙanjamau, a zauna a bainar jama'a, a faɗi ma'aikata nawa ne masu ba da taimako ke biya a jihar, nawa gwamnati za ta ɗauka, a wace shekara, da kuma layin da kuɗinsu ya ke a kasafi. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma ware kuɗi a takarda daban, sakinsu daban, kuma adadin da aka saki shi ne ya dace 'yan majalisa su nema. Haka nan hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, wadda aka kafa a 2019 zamanin Gwamna Simon Lalong, ya kamata ta fito fili ta faɗi waɗanne gwaje-gwaje da magunguna za ta ɗauki nauyinsu idan baƙi suka janye.

Sa'an nan akwai wani ƙulli da Gwamnatin Caleb Mutfwang da shugabannin ƙananan hukumomi 17 ya kamata su warware tun da wuri. A 2011 aka amince da tattara harkar kiwon lafiya matakin farko a ƙarƙashin hukuma ɗaya ta jiha. Ran 11 ga Yuli, 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da ya ke aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Idan ba a rubuta a fili wanda zai biya albashi da wanda zai sayi magani da wanda zai gyara rufin ɗakin haihuwa ba, ranar da abu ya lalace ciyaman zai nuna jiha, jiha ta nuna ciyaman, dukkansu kuma su nuna Abuja. Kansiloli kuwa, waɗanda da yawansu ba a jin ɗuriyarsu sai lokacin zaɓe, babu aikin da ya fi dacewa da su kamar leƙa asibitin gundumarsu sau ɗaya a wata su ga littafin magani da idonsu.

Amma matakin da ya fi kusa da talaka shi ne kwamitin raya gunduma. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga wani asusu na kiwon lafiyar talakawa, wanda aka fara sa wa kuɗi a kasafin 2018. Wani kaso na wannan kuɗi yana shiga kai tsaye cikin asusun banki na asibitin gunduma kowane wata uku, kimanin Naira 300,000 a shekarun farko kafin a ba da sanarwar ƙara shi, kuma ƙa'ida ta ce shugaban kwamitin gunduma yana cikin masu sa hannu kafin a fitar da ko kwabo. Wannan iko ne babba, in har an san da shi. Abin takaici shi ne a wurare da dama a ƙasar nan akan cika irin waɗannan kwamitoci da 'yan uwa da 'yan jam'iyya, su sa hannu a kan abin da ba su karanta ba. A gari irin Jos, inda rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya suka raba unguwanni, kwamitin da ya haɗa liman da fasto da mai unguwa da shugabar mata da wakilin masu karɓar magani zai yi amfani fiye da na lissafin kuɗi kawai, domin asibiti yana cikin wuraren da har yanzu kowa ke haɗuwa.

Jami'in da ya ce waɗannan bayanai sirrin gwamnati ne ba shi da madogara. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, kuma a watan Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa ta hau kan jihohi ma. Abin lura a nan shi ne shari'ar da ta kai ga wannan hukunci ta taso ne daga wasu 'yan ƙungiyoyi a Jihar Edo waɗanda suka nemi hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jiharsu ta nuna musu yadda ta kashe kuɗi, suka shafe fiye da shekara 10 suna zirga-zirga a kotu kafin su yi nasara.

Bai kamata mutanen Filato su jira shekara 10 ba a kan abin da takarda ɗaya da ƙusa huɗu za su biya. Gwamnatin Jiha tana iya ba da umurni gobe cewa kowane asibitin gunduma, da kowane asibitin da ke karɓar maganin taimako, na gwamnati ne ko na mishan, ya liƙa takarda a bakin ƙofa cikin Hausa da Turanci, mai nuna kuɗin da ya shigo a wata ukun da suka wuce, da abin da aka saya, da magungunan da a ke bayarwa kyauta, da waɗanda suka ƙare da ranar da suka ƙare. Duk sauyin da za a yi, ko haɗe sashe ne ko sa kuɗi a kan gwajin da a da kyauta ne, a sanar da kwamitin gunduma da ƙungiyar masu karɓar magani wata uku kafin ranar, a kuma faɗa a gidan rediyon jiha, domin mai zuwa daga Wase ko Shendam ya sani kafin ya biya kuɗin mota.