Mai wankau da ta biya wa ɗiyan wasu makaranta

Yau filinmu zai yi nisa, har Amurka, wurin wata mata da ta rasu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Sunanta na yanka Sarah Breedlove, amma duniya ta fi saninta da Madam C.J. Walker. Masu karatu a bainar taro, ku karanta a hankali don waɗanda ke saurare.

An haife ta a 1867 a gonar auduga, kusa da wani ƙauye mai suna Delta a jihar Luwiziyana. Uwa da uba da yayyenta duk bayi ne a da, ita ce ta farko a ɗakinsu da aka haifa cikin ƴanci. Tana shekara 7 ta zama marainiya. Tana 14 ta yi aure don ta tsira daga azabar mijin yayarta. Tana 20 mijin ya rasu, ya bar ta da ɗiya ƴar shekara biyu, Lelia. Mun san wannan labari, ko? Babu unguwar da ba ta da irinta.

Sai ta ɗauki ɗiyarta ta koma birnin Sen Luwi, inda ƴan uwanta maza ke aski, ta kama wankau. Abin da take samu a yini bai wuce dalar Amurka ɗaya da rabi ba. (Kada ku ɗauka dalarmu ce ta tamma biyar, kuɗinsu ne na can.) Shekara da shekaru tana durƙushe gaban baho. Waɗanda suka riƙe ta a lokacin matan majami'arsu ne, masu ƙungiyar taimakon gwauraye da marayu, kuma ita ma ta shiga cikinsu tana neman taimako wa waɗanda suka fi ta rashi. Karatunta na aji duka-duka bai fi wata uku ba. Amma da kuɗin wankin nan ta tura Lelia makaranta, har babbar makaranta a garin Noksbil. A nan muke so ku tsaya. Ba ta jira ta zama hajiya mai mota ba kafin ta fara biyan kuɗin karatu.

Sana'ar da ta ɗaga ta daga ciwo ta fito. Gashinta ya riƙa zuba, kamar na mata da yawa a zamanin, saboda gidajen talakawa ba famfo, wanke kai sai jefi-jefi, ga amosani, ga sabulu mai cin fata. Ta fara da tallar man gashi na wata baƙar mata ƴar kasuwa, Annie Malone. A 1905 ta tashi zuwa Denba, ta soma haɗa nata, mai farar wuta a ciki. Shekara ta zagayo ta auri Charles Joseph Walker, daga nan sunan ya samo asali. Annie Malone ba ta ji daɗi ba, ta zarge ta da kwaikwayon kayanta, kuma gabar ta daɗe. Ba za mu yi musu shari'a ba daga nan, amma duk wadda ta taɓa koya wa wata yin sabulu ko man gyaɗa, ta wayi gari ta gan ta da teburi kusa da nata a kasuwa, ta san zafin.

Dubarar Madam Walker ba a cikin kwalba kaɗai take ba. Ta riƙa shiga gari-gari, tana wanke kan mace a gaban jama'a, ta shafa, ta taje, a gani da ido. Sannan ta koya wa wasu matan, ta ba su takardar shaida, su ma su tsaya da ƙafarsu. A 1908 ta buɗe makarantar gyaran gashi a Fitsbag, ta sa mata sunan ɗiyarta. A 1910 ta kafa masana'anta a Indiyanafolis. Mata dubbai, da yawansu ƴan aikatau da masu wankau irinta, suka samu abin yi da ya fi wanda suka baro. Ita kuma, da girmanta da kuɗinta, ta ɗauki malama tana koya mata karatu da rubutu. Masu jin kunyar zama a ajin yaƙi da jahilci don wai furfura ta fito, kun ji fa.

A 1912 ƴan kasuwa baƙaƙen fata suka yi babban taro a Shikago. Shugaban taron, Booker T. Washington, bai ba ta damar magana ba. A ranar ƙarshe ta miƙe da kanta ta ce musu ita daga gonar auduga ta fito, ta wuce bahon wanki, ta wuce madafa, sannan ta ƙara wa kanta girma ta gina masana'anta a filinta. Da shekara ta dawo, su da kansu suka sa ta cikin masu jawabi.

To ina kuɗin suka tafi? Ta ba da dalar Amurka 1,000 don gina wa samari baƙaƙe cibiya a Indiyanafolis. Ta biya wa ɗalibai karatu a makarantar Tuskegee. Ta tallafa wa makarantar ƴan mata ta Mary McLeod Bethune a Fulorida, wadda ita ma ta faro da yara mata biyar kacal. Ta yi alkawarin dala 5,000 don yaƙi da kisan gilla da ake wa baƙaƙe. Masu fasaha kuma, ba ta yi musu irin liƙin da muke wa maroƙa a biki ba, na dare ɗaya. Aiki ta ba su. Ta sayi zanen masu zane baƙaƙe ta rataya a gidanta, kuma babban gidan da ta gina kusa da Niyok, wani baƙin mai zanen gini, Vertner Tandy, ta ba ya tsara shi, don a ga ɗan nasu ma ya iya. Bayan rasuwarta Lelia ta mai da gidanta na unguwar Harlem matattarar marubuta da makaɗa.

Amma abin da ya sa muka kawo ta filin nan shi ne 1917. Ta riga ta shirya masu sayar mata da kaya ƙungiya-ƙungiya, kowane gari da tasa, kusan yadda muke. A wannan shekara ta tara su a Filadelfiya, mata wajen 200, ta raba kyaututtuka. Akwai ta wadda ta fi ciniki. Akwai kuma ta ƙungiyar da ta fi ba da taimako a garinsu. Wato a wurinta, a tambayi ƙungiya nawa ta tara, a kuma tambaye ta me ta yi wa unguwa.

Mu fa? Tun da aka fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, mun ƙware a zubi da rance da ruwan rance da rabo. Ba mai koya mana riƙon akwati. Asusun taimakon ma muna da shi, sai dai ku duba kayenku ku gani: suna, rasuwa, asibiti, gobara. Duka hakki ne, ba mu ce a taɓa su ba. Amma sau nawa aka rubuta "kuɗin makaranta"? Yarinya ta gama firamare, ta ci jarrabawa, kolej kuma yana wani gari, babu mai riƙo, babu kuɗin mota, babu na kaye da alƙalami. Uwa tana cikinmu, tana zubi kowane mako, kunya ta hana ta faɗi. Kafin a ankara an sa rana. Sarah ma a 14 aka yi nata, kuma ita ta ƙi bari Lelia ta bi sawu.

Wata za ta ce, ai waccan miliyoniya ce. Gaskiya ne ta rasu da dukiya, a watan Mayu na 1919, tana da shekara 51, hawan jini da ciwon ƙoda suka ɗauke ta, kuma ta bar wasiyyar a riƙa ba da kashi biyu cikin uku na ribar kamfaninta sadaka. Amma kuɗin makarantar farko daga baho suka fito.

Shawararmu ga shugabanni da ma'aji: a taron da ke gaban rabo, ku kawo maganar. Ko dala biyar-biyar ce a kan zubin mako, a ware mata shafi nata a kaye, kada a gauraya da ta biki. A zaɓi mata biyu su je wurin daraktan makaranta kafin komawar Oktoba, su tambayi sunayen ƴan matan da suka ci jarrabawa amma ba a ga alamar za su tafi ba. Idan ƙungiyoyin gari sun haɗu ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, a kira sunan wadda ta fi tara kuɗi kamar yadda aka saba, a kuma kira wadda ta riƙe yara mafi yawa a aji. Kyautar ma kada a sayo roba. A ba mai tukwane ko masaƙiyar garin aikin ta yi, a biya ta farashinta ba tayi.

Ƙungiyar da ta riga ta fara irin wannan, ku ba mai kawo muku jaridar nan saƙo yadda kuka tsara shi, za mu buga a fitowa ta gaba.