A Fara da Ruwan Alwala

A Sakkwato damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, a watan Afrilu kuwa zafi kan haura digiri 40. Jami'ar da ke irin wannan ƙasa, ga dubban ɗalibai a ɗakunan kwana, ba ta da ruwan wasa. Amma da an yi kukan ƙaranci, sai ka ji an ce a haƙa sabuwar rijiyar burtsatse, sai ka ce ruwan ƙasa ba ya ƙarewa. Ni a ganina a fara da masallaci. Sau biyar a rana ana alwala a bakin famfo, yana ta zuba ana shafar kai da kunne, ruwan ya bi kwata ya tafi, alhali ko sabulu babu a cikinsa. A ja shi da bututu zuwa gindin darbejiya, a kuma dawo da buta. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) da mudu guda yake alwala, abin da bai kai lita ba. Sannan a ɗora wa wani alhakin kashe injin da ke cika tanki, domin tankin da ke kwana yana ambaliya ya fi kowane ɗalibi ɓarna.