Ɗalibin Dogon Kiriya da ƙofar maɗaba'a

A ƙarshen watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ɗaga Hausa ta zama ita kaɗai harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. An yi murna, kuma da dalili. Sai dai doka ba ta buga littafi. Mutum ne ke zama ya karanta rubutun wani, ya cire na cirewa, ya tsara shafi, ya lissafa kuɗin takarda da tawada, sannan ya bi masu shaguna bashi. Irin wannan mutum a bakin aiki yake samuwa, kusa da wanda ya riga shi iyawa.

A ɗauki yaron Dogon Kiriya, can arewa da Dogon Dutsi, wanda ya ci BEPC ya shiga lise. Da Hausa ya tashi, da ita yake mafarki. Babban hutu yakan faɗo masa daga Yuli zuwa Satumba, tsakiyar damina, lokacin da gonar hatsi da wake ke neman kowane hannu. Takwaransa na Yamai kuwa, in kawunsa na da ofis, sai ya yi sitaj, wato koyon aiki, na wata ɗaya ko biyu ya fito da takardar shaida. Tsakanin Dogon Dutsi da Yamai tafiyar kusan kilomita 300 ce, amma ba nisan hanya ne babban shinge ba. Rashin wanda zai ce "turo mini shi" ne.

Gidajen da za su iya faɗin haka suna nan, ko da ba su da yawa. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2001 kuma doka ta amince da harsunan ƙasa goma. Albasa, wadda aka kafa da tallafin Jamus, ta fitar da littattafai cikin Hausa da Zabarmanci da sauransu, Gashingo ma a kan wannan turba take a Yamai, ga kuma INDRAP mai shirya littattafan makaranta. Ƙanƙantar irin su Gashingo ita ce amfaninsu ga ɗan koyo. A babban kamfani kusurwa ɗaya za a ajiye shi. A ƙaramin gida kuwa, mutum ɗaya ne edita da safe, mai ciniki da maɗaba'a da rana, mai ɗaukar kwali da yamma, don haka yaro zai ga littafi tun yana rubutun hannu har ya hau kanta.

Abin da zai gani ya wuce yadda yake zato. Zai gane cewa lanƙwasar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ ba ado ba ce, kuma kwamfuta na iya haɗiye ta a dare ɗaya idan aka sauya samfurin haruffa. Zai tarar Nijar na rubuta ƴ inda Najeriya ke sa 'y, wanda ke son littafinsa ya shiga Sakkwato da Katsina sai ya yi tunani a kai. Zai ji dalilin da ya sa ake son adadin shafuka ya rabu gida 16 ko 8, saboda haka ake naɗe babbar takarda. Kuma ranar da tsohuwa a cikin labari ta ce "tahiya" irin ta mutanen Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, shi ne zai iya gaya wa edita a bar mata bakinta kada a gyara. A nan ɗan ƙauye ya fi ɗan birni amfani, abin da masu gidajen ɗab'i ba su cika lura da shi ba.

Mafi nauyi cikin darussan shi ne amana. Rubutun wani yana hannunka, ba ya nan, kana iya ɓata masa ma'ana da waƙafi ɗaya.

Adabin Hausa na zamani ma ta wannan hanya ya samu babban gwaninsa. Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da littafinsa Ruwan Bagaja ya yi fice a gasar rubutun Hausa ta 1933. A 1936 aka aro shi zuwa Hukumar Talifi ta Zariya na wasu watanni, ya zauna tare da shugabanta Rupert East, a can ya rubuta Magana Jari Ce. Zuwa 1939 shi ne editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Gaskiya ne Imam ba ɗan lise ba ne, yana da shekara 25, amma abin lura shi ne aikin da aka damƙa masa. Alƙalami aka ba shi, aka zauna ana duba abin da ya rubuta.

Nan ne laifin masu karɓar ƴan sitaj yake fitowa. Sau da yawa yaro yakan ƙare hutunsa tsakanin mai shayi da injin fotokopi, ranar sallama a buga masa hatimi a takarda. Masu kare wannan ɗabi'a sukan ce ai ɗan koyo a maƙera ma da zuga yake farawa. Haka ne, amma shi shekaru ke gabansa, kuma yana zuga idonsa na kan uwar maƙera. Mai wata biyu ba shi da wannan sarari. Uban da ya haƙura da hannu ɗaya a gona cikin Agusta ya riga ya biya kuɗin koyo, kuma da tsada. Wanda ya karɓi ɗansa ya mai da shi ɗan aike ya ci haƙƙin mutum biyu. Abin da ya wajaba a kansa bai taka kara ya karya ba: masauki amintacce, musamman in yarinya ce, kuɗin mota, babi ɗaya da za a ce "wannan naka ne, gyara", da sunansa a cikin waɗanda aka gode wa.

Shi ma yaron ba a ɗauke masa nasa ba. Wanda ya zo don takardar shaida kawai, yana latsa waya ana karanta gyara, ya toshe ƙofa ga ƙannensa na baɗi.

Kano ta nuna abin da ke faruwa idan marubuta suka yi yawa masu gyara suka yi ƙaranci. Daga shekarun 1980 matasa irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka buɗe kasuwar da ta sa dubban mata da maza karatun Hausa, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Amma da yawa daga littattafan da suka biyo baya sun fito ba wanda ya sake duba su, kurakuran rubutu da na raba kalmomi suka zama abin da masu suka suka fi kamawa.

Arewar Dogon Dutsi kuwa matsalarta ba ta labari ba ce. Tarihin Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, ya zama littafi a hannun Abdoulaye Mamani a 1980, da Faransanci, kuma a Paris aka buga shi. Fim ɗin da Med Hondo ya yi a kan labarin, wanda ya fito a 1986, a Burkina Faso aka ɗauke shi. Jikokin mutanen da abin ya faru a ƙasarsu suna lise a Dogon Dutsi da Tibiri. Kuɗin motar ɗalibi biyu zuwa Yamai a kowace damina bai fi ƙarfin hukumar garin Dogon Kiriya ba, haɗa shugaban lise da mai gidan ɗab'i kuwa kiran waya ɗaya ne.