Kyanwa ma tana bukatar magani na gari

Bayan girbi, idan hatsi ya shiga rumbu, wa ke gadinsa da dare? Kyanwa ce. Ita ke hana kusu ɓarna. Amma ranar da ta kamu da ciwo, sai a ce: "Ai kyanwa ce kawai." Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba.

Jikin kyanwa ba irin na akuya ko na kare ba ne. Hantarta ba ta iya sarrafa wasu magunguna. Ƙwaya ɗaya ta farasitamol, wadda muke sha don ciwon kai, tana iya kashe ta. Maganin kaska na karnuka mai ɗauke da permetirin yana sa ta karkarwa, har ta mutu. Saboda haka kada mu ba ta magani da kanmu. Mu kai ta wurin ma'aikacin kiwo.

Su ma ma'aikatan kiwo muna da kira gare su:

1. A auna nauyinta kafin a ba ta magani. Babbar kyanwa takan kai kilo 3 zuwa 5.
2. A yi wa kowace kyanwa aiki da sabuwar allura.
3. A ajiye maganin rigakafi cikin sanyi, digiri 2 zuwa 8. Zafin bazara yana lalata shi.
4. A lulluɓe ta da zane, a riƙe ta a hankali, nesa da karnuka.
5. A rubuta magani da ranarsa a kati, a ba mai ita.

Wani zai ce: "Yaranmu ma ba su samu isasshen magani ba, balle kyanwa." Amsarmu ita ce, don yaran muke magana. Da su take wasa, a tabarmarsu take kwana. Ciwon haukan kare daga karnuka ya fi zuwa, amma kyanwa ma tana kamuwa, tana kuma sa wa mutum ta hanyar cizo ko yakushi. Idan alamunsa suka bayyana, ba ya warkewa. Allurar rigakafinsa kuwa ana iya yi wa kyanwa tun tana wata 3.

Idan kyanwa ta ciji yaro, mu wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Mu kai shi likita a ranar, ko da raunin ƙarami ne.

Rigakafi ya fi magani. Ranar kasuwa mai zuwa, mu biya ta ma'aikatar kiwo, mu tambayi allurar kyanwarmu.