Kafin ka sayi ƙwayar seleniyom don soriyasis, karanta wannan

1/ 'Yan uwana na Sabon Birni da Isa, duk wanda ya tallata muku ƙwayar seleniyom wai tana warkar da soriyasis, ku riƙe kuɗinku. Ga dalilina.

2/ Soriyasis ciwon fata ne: wurin ya yi kauri, ya yi ɓawo fari-fari, yawanci a gwiwa, gwiwar hannu da fatar kai. Garkuwar jiki ce ke sa fata sabuntawa cikin 'yan kwanaki, maimakon kusan wata guda. Ba kuturta ba ce, ba makero ba ne, kuma ba a ɗauka. Ku daina gudun cin abinci kwano ɗaya da mai shi, don Allah.

3/ To ina seleniyom ya shigo? Sinadari ne da jiki ke buƙata ɗan mitsitsi, maikirogiram 55 a rana ga babba. Wasu bincike sun samu ƙarancinsa a jinin masu soriyasis. Amma da aka gwada ba su ƙwayar, ba a ga wani sauƙi tabbatacce ba. Ƙarancin da ciwon sun zo tare, ba a tabbatar ɗaya ne ya haifi ɗaya ba.

4/ Kuma fa yawansa guba ne. A Amurka iyakar da aka sa wa babba maikirogiram 400 ce a rana. In ya yi yawa gashi ya zube, farce ya dinga karyewa, baki ya yi warin tafarnuwa. An je neman ƙiba an samo rama.

5/ Kifin Gulbin Rima, ƙwai, nama da hanta duk suna da seleniyom. A yankin da 'yan bindiga suka hana mutane noma, kuɗin ƙwayar nan gara ya tafi tukunya, gida duka ya amfana.

6/ Wani haɗarin: man shafawa mai siteroid da ake saya a kemis ba tare da likita ba. Yakan kwantar da ciwon, amma fata ta yi siriri, in an daina farat ɗaya ya dawo da ƙarfi.

7/ Na san hanyar Sakkwato ba daɗi yanzu. Duk da haka, fara da babban asibiti mafi kusa, ka nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. In gaɓoɓi sun fara ciwo ko kumburi, kar ka jira, don soriyasis na iya taɓa su.

8/ Ba a rabuwa da shi kwata-kwata, amma ana shawo kansa. Tura wa wanda ke ɓoye hannunsa cikin riga saboda kunya.