SARAUNIYA AMINA DA TURANCI A BAKINTA

Finafinai biyu na tarihin ƙasar Hausa sun fito cikin 'yan shekarun nan, watau Amina a 2021 da Mai Martaba a 2024, har yanzu kuwa gardama ba ta mutu ba tsakanin 'yan makarantar nan a kan wanda ya fi. Na ga dukansu biyu, ina so kuma in faɗi ra'ayina, gama mu da a ke koya wa aikin malanta abin ya shafe mu fiye da sauran 'yan kallo. Yaran da za a danƙa mana gobe sun riga sun ga Amina a fim tun ba su gan ta a littafi ba, abin da ido ya gani kuwa da wuya alli ya goge shi.

Bari in fara tuna wa ƙannenmu yadda kallon nan ya zo Kano, don yana da hannu cikin maganar. A 1937 Kwarori suka buɗe silimar Rex a Sabon Gari, fili ne da bango, ba rufi. Daga baya waɗansu suka biyo, kamar su Plaza da Wapa a Fagge, wadda har yau sunanta bai ɓace daga kasuwar 'yan canji ba. Duk a bayan ganuwa a ke gina su, domin mutanen birni ba su ɗauki silima wurin mai mutunci ba. Da gobara ta tashi a El Duniya ran 13 ga Mayu 1951, mutum 331 suka hallaka, da yawa suka ce ai ga sakamakon abin da malamai suka hana. Ko da aka buɗe Palace a cikin birni a 1952 sai da aka sha rigima. Amma duk da haka samari ba su fasa zuwa ba. Suka ga na kaboyi, suka ga na Indiya, har ya zama yaron Fagge ya san sunayen 'yan wasan Bombai kamar na maƙwabtansa, alhali bai san kalma goma na harshensu ba. Watau an yi shekaru masu yawa Bahaushe yana biyan kuɗinsa ya ga labarin waɗansu cikin bakin waɗansu.

Sai a 1976 Adamu Halilu ya mai da Shehu Umar fim. Littafin kuwa, kun sani, na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda shi ma ɗan Kwalejin Horon Malamai ta Katsina ne, ya rubuta shi don gasar 1933. Na ambace shi ne domin shi ne mudun da na ke awo da shi. Ba wani yaƙi mai ban tsoro a ciki, yaro ne aka sace aka bi Sahara da shi, uwa tasa ta bi sawu. Amma kowa ya buɗe baki sai ka ji mutumin da ka sani.

To, mu zo kan Amina. Ba na musun an kashe dukiya. Izu Ojukwu ya san aikin hoto, ga dawaki, ga ƙura, ga mayaƙa. Amma fa Sarauniyar Zazzau tana magana da Turanci, fadawanta suna amsawa da Turanci! Waɗansu abokaina sun ce wai don duniya ta ji ne, tun da a Netflix aka sa shi. Ni ban karɓi wannan hanzari ba. Indiyawa ba su bar harshensu ba sa'ad da suka cika Plaza da mutane, mu ma ba mu ce sai sun bari ba. Kuma hasarar ba ta kunne kaɗai ba ce. Fadar Hausa da magana a ke gina ta. Yadda bafade ya ke faɗuwa gaisuwa, da kirarin da maroƙi ya ke yi, da yadda babba ya ke kewaye magana da karin magana don kada ya ce wa sarki a'a kai tsaye, waɗannan su ne sarautar. In ka zare su, abin da ya rage rawani ne da alkyabba, kowa kuwa yana iya aro ya sa. Shi ya sa faɗan takubban da ke ciki ya fi tuna mini da finafinan Rumawa bisa ga ƙasar Zazzau.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, labarin gaskiya yana nan a rubuce, ya kuma fi daɗi. Tarihin Kano, wanda ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ce a zamanin Sarkin Kano Dauda ta yi, watau wajen 1421 zuwa 1438, ko da ya ke masana da yawa sun fi kai ta ƙarni na 16. Ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000, ta yi shekara 34 tana yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta cikin Infaƙul Maisuri. Har yau akwai tsofaffin garuruwa da a ke kiran ganuwarsu ganuwar Amina. Ku duba fa, goro dubu goma a matsayin gaisuwar sarki ga sarauniya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa yaro cewa yaƙin nan a kan hanyar fatauci a ke yinsa, ba don nuna ƙarfin dantse ba. Mai fim da ya tsaya ya yi tunani a kan ayarin goron nan da ya samo labarin da ba wanda ya taɓa gani.

Mai Martaba, na Prince Daniel, a nan ya sha gaba. A Daura aka ɗauke shi, da Hausa a ke magana, rigimar kuwa ta gadon sarauta ce, abin da kowane gidan sarauta na ƙasar nan ya san ɗacinsa. Nijeriya ta aika da shi gasar Oska, bai kai ga zagaye na gaba ba, amma ni wannan bai dame ni ba. Abin da na ke so a lura shi ne, Hausar ba ta hana a zaɓe shi ba, ita ce ma ta buɗe masa ƙofa, gama sashen da aka aika da shi ba ya karɓar fim da yawancin maganarsa Turanci ne. Ina masu cewa sai da Turanci duniya za ta ji?

Amma shi ma ina da magana biyu a kansa. A kunnena, wani lokaci Hausar ta yau ce aka naɗa mata rawani, ka ji basarake yana jera magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Da an zauna da tsofaffin fadawan Daura, tun da a garinsu a ke, da sun gyara wannan cikin kwana kaɗan. Ta biyu ta fi nauyi. Masarautar Jallaba da a ke faɗa a kanta ƙagaggiya ce, ba ta cikin kowane tarihi. Na san dalili, mai fim yana tsoron ya taɓa kakan wani, a tashe shi tsaye. Uzuri ne mai ƙarfi, ban raina shi ba. Duk da haka, har yaushe za mu riƙa ƙago sarakuna alhali ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya sauki Shehu Magili? Ga Basasar Kano ta 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wadda ta fi kowace Jallaba rikici. Yaro in ya fito daga kallon Jallaba ba shi da inda zai je ya tambaya. In kuwa Rumfa ya gani, gidansa yana nan, da ƙafa ma sai ya taka daga Fagge ya shiga ta Ƙofar Mata ya gani.

Saboda haka in aka ce in zaɓa, Mai Martaba na zaɓa, ba da nisa kaɗan ba. Ina kuma roƙon malaminmu na tarihi, in hali ya yi, a haska mana su biyu a babban zaure wani daren Asabar, a kan bango mai faɗi, don fim mai dawaki ba a yi shi domin tafin hannu ba. Kafin a kashe fitila a sa wani ya karanta mana abin da Tarihin Kano ya ce game da Amina, layi kaɗan ne, ba zai ci minti biyar ba. Sa'an nan kowa ya riƙe takarda ya rubuta abin da ya gani a fim wanda babu shi a littafi, mu kawo aji ran Litinin.