Wa zai shirya mana daren tuna mawaƙan talakawa?

Ƴan uwana ɗalibai na Gombe, daga Tudun Wada har Kashere, ku ara mini kunnuwanku.

Duk watan Oktoba mutanen Legas sukan yi mako guda cur suna bikin Felabration a Ikeja. Fela Kuti ya rasu a 1997, ƴarsa Yeni ta fara bikin a 1998, har yau ana yi. Mutumin da sojoji suka ƙona masa gida a 1977 bayan waƙar Zombie, ga shi yaran da ba su taɓa ganinsa ba sun san abin da ya faɗa wa masu mulki.

To mu fa? Ko ce mana aka yi ba mu da namu?

Malam Sa'adu Zungur na nan Bauchi, wadda sai a 1996 aka cire Gombe daga cikinta, ya rubuta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya yana jan kunnen sarakuna, ya rasu a 1958 bai ga ƴancin kai ba. Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi wa NEPU waƙa a zamanin da zama ɗan Sawaba kan jawo wa mutum bulala da gidan yari. Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya waƙe karen mota, ya bar mu a 2015. Tsakani da Allah, mu nawa ne za mu iya kawo baiti biyu nasu?

Amma bari makon ɗalibai ya zo. A kira DJ, a saki waƙar honorabul ɗin da ya biya kuɗin kujeru, mu yi ta tafi. Ai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa ƙannenmu suke ɗauka waƙar siyasa kirari ce kawai ga mai kuɗi.

Shawarata ita ce mu ware yamma ɗaya, mu nemi izinin ɗakin lacca, mu yi karo-karo ko da ɗari bibbiyu ne. Sharaɗi ɗaya tak: kada a karɓi ko kwabon ɗan siyasa, don da zarar an karɓa taron ya zama kamfen. Masu murya su rera waƙoƙin magabatan nan, wani malami ya bayyana mana lokacin da aka yi su da dalili. Sannan a ba namu fili. Wata takwas ɗin da muka yi a gida a yajin aikin ASUU na 2022, da kuɗin makaranta, da kuɗin Keke NAPEP, duk suna jiran mai waƙa.

Na san wani zai ce shi kam ba ya zuwa wurin kiɗa. Malam, ba damuwa. Rubutacciyar waƙa da baka ake rera ta, ba ganga ba kalangu.

Wanda ya yarda ya yi magana, mu fara lissafi tun kafin jarrabawa ta matso. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.